Laraba, ranar da lambobi suka rikice min

An ɗauke wuta tun ƙarfe biyun dare, zafin Sakkwato kuma ba sai an ba kowa labari ba, a tsakar gida na ƙarasa kwana bisa tabarma. Ƙarfe takwas na hau kabu-kabu daga Mabera na tafi karɓo babi na biyu na furojek ɗina wurin malamin da ke duba min, ina ta murna a raina wai yau dai zai sa hannu in huta.

Ina! Jan biro ko'ina. Amma abin da ya kashe min jiki kibiya ɗaya ce tak da ya ja, ya ɗauko wani sakin layi daga shafi na goma sha ɗaya ya ce in maido shi farkon babin. Na ce ranka ya daɗe ai lambobin duk za su tashi, ya ɗago kai ya dube ni ta saman tabarau ya ce to su tashi mana, aikin wa ne?

Wanda bai taɓa aiki da salon Vancouver na ambaton littattafan da ka ɗauko bayani daga ciki ba, mu dai Bankuba muke ce mishi, ba zai gane zafin kibiyar nan ba. Sashenmu shi suke so, kamar yawancin masu harkar lafiya, asalinshi ma editocin mujallun likitanci ne suka zauna a birnin nan na Kanada a 1978 suka tsara shi. Ba ka rubuta sunan marubuci da shekara a cikin zance kamar 'yan salon APA, lamba kawai za ka sa, littafin da ka fara ambata shi ne 1, na bayanshi 2, haka har ƙarshe, in ka sake komawa wani littafin lambarshi ta farko za ka maimaita. Jerin ƙarshe ma bin lambobin yake yi, babu ruwanshi da abacada. Ga mai karatu abin gwanin sha'awa ne gaskiya, shafi fes babu tarkacen sunaye. Mai rubutu ne ke shan wuya. Sakin layin nan yana ɗauke da 31 da 32, yanzu sun zama 4 da 5, duk abin da ke tsakanin 4 da 30 ya matsa da biyu, kuma 31 ɗin na sake kiranshi a babi na huɗu har sau uku, ni kuma gwanin wayo da hannu na buga su duka.

Bai tsaya nan ba, ya zagaye lamba 17 ya rubuta "wane bugu? wane gari?" Littafin nan tun muna aji uku na yi hotokwafin shafi tara daga ciki, ban ɗauki bango ba don kar in ƙara kuɗi. Sai da na koma laburare da rana tsaka na yi ta bin kanta har na same shi, na buɗe bayan shafin take inda ake rubuta waɗannan abubuwan da ƙananan haruffa. Ashe bugu na biyar ne, ni kuma shekarar na huɗu na kwaso a intanet, shafukan ma ba su yi daidai ba. A tsaye na kwafe komai a bayan takardar: sunan marubuci sai haruffan farkon sauran sunayenshi babu aya a tsakaninsu, take, bugu na nawa in ba na farko ba ne, gari sai ruwa biyu, kamfanin ɗab'i sai waƙafi mai ruwa, sannan shekara. An jera garuruwa huɗu a shafin, na farkon ake ɗauka. Nan kuma na lura littafin ma na haɗaka ne, kowane babi da mai shi, ke nan wanda ya rubuta babin zan fara sawa da taken babin, editoci su biyo baya, shafuka a ƙarshe. Wata uku ina jingina ma edita maganar da ba shi ya yi ba.

Wani abu da ke ba ni dariya kullum shi ne sunayenmu. Mutum yana da sunan yanka, da na uba, da na gari, sai ka ga Gwadabawa ko Tambuwal ya zama shi ne sunanshi a jerin, sunan da aka raɗa mishi ranar suna ya koma harafi ɗaya tal. In marubuta suka wuce shida kuma sai ka lissafa shidan farko ka ce et al., sauran bayin Allah sun shige cikin "da sauransu".

Bayan la'asar wani ɗan ajinmu ya same ni ina ta goge lamba ina sa wata, ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce wai har yanzu ban san Zotero ba? Furogiram ne na kwamfuta, kyauta, ka shigar da littattafanka sau ɗaya, ka haɗa shi da Word, in ka matsar da sakin layi shi zai sake jera lambobin da kanshi. Ya sa min a kwamfuta. Na ji haushin kaina ƙwarai, sai dai ko shi ɗin abin da ka ba shi zai fitar, da shekarar bugu na huɗun zai jera min tsaf da kyau.

Da dare Baba ya fito daga zaure bayan almajiranshi sun watse, ya tarar da ni da fitilar waya a baki. Ya ce mi kaka yi haka tun ɗazu? Na yi mishi bayani iya yina. Ya ce to ai wanga ba baƙon abu ba ne, su ma in mutum ya kawo magana a karatu sai an tambaye shi wa ya faɗa, cikin wane littafi, wane babi, in ya kasa a ce ya zauna. Sai dai su, in ji shi, sunan malamin suke kira su yi mishi addu'a, ba su mai da shi lamba ba. Na ce Baba mu ma sunan na can baya. Ya ce baya dai, ya shige ciki.

Yanzu sha ɗaya ta wuce, littafi goma sha tara na shigar cikin arba'in da bakwai, cajin kwamfuta saura kashi takwas, wuta kuma shiru. Inna ta ajiye min fura tun magariba ko taɓa ta ban yi ba. Gobe in Allah ya kai mu shagon caji zan fara zuwa.