A kira su da sunayensu

Da ƙarfe 11 na safiyar 11 ga Nuwamba 1918 bindigogi suka yi shiru a Yammacin Turai, Yaƙin Duniya na Ɗaya ya tsaya. Tun daga 1919 Birtaniya take yin shiru na minti biyu don tuna wannan sa'a. Amurka ta ware Litinin ta ƙarshe a watan Mayu ga sojojinta da suka kwanta dama, Rasha tana nata bikin ranar 9 ga Mayu, Najeriya kuma 15 ga Janairu, ranar da yaƙin basasa ya ƙare a 1970.

Ina son ranakun nan ƙwarai. Idan mai begila ya ja numfashi ya busa, na hango wani dattijo cikin 'yan mazan jiya yana dafa sanda ya miƙe, hannunsa na rawa amma ya kai shi goshi ya sara, jikina yakan yi sanyi. Sai dai da zarar an shiga jawabi, an fara cewa “gwarazanmu da suka sadaukar da rayukansu”, sai in ji an haɗe dubban mutane an dunƙule su cikin kalma guda. Kowannensu fa uwa ce ta haife shi, aka raɗa masa suna.

Shi ya sa abin da ake yi a garin Ypres na Beljiyam yake burge ni. A Ƙofar Menin an sassaƙa sunayen sojoji sama da 54,000 waɗanda ba a san inda kaburburansu suke ba, kuma tun 1928 ake busa musu begila kullum da ƙarfe 8 na dare. Mamayar Jamus a Yaƙin Duniya na Biyu ce ta katse busar a wurin na 'yan shekaru. Jika yakan zo ya bi layi da yatsa har ya tsinci sunan kakansa.

Ba kowa ya samu wannan gatan ba. A Afrilun 2021 hukumar da ke kula da kaburburan yaƙi ta ƙasashen Commonwealth ta fitar da rahoton da ya nuna cewa aƙalla mutum 116,000, ƙila ma har 350,000, akasarinsu 'yan Afirka, da suka mutu suna yi wa Birtaniya aiki a Yaƙin Duniya na Ɗaya, ba a rubuta sunayensu ba, wasu ma ba a yi musu wata alama ko kaɗan ba. Da yawa 'yan dako ne masu ɗaukar harsasai da abincin soja a ka, cuta da yunwa suka kashe su. Sakataren tsaron Birtaniya na lokacin, Ben Wallace, ya nemi afuwa a majalisa. A Yaƙi na Biyu ma, Runduna ta 81 da ta 82 na Afirka ta Yamma sun gwabza da Jafanawa a dazuzzukan ƙasar Bama (Myanmar ta yau), amma sau nawa ka ji an ambaci kwarin Kaladan, inda suka fafata, a ranar biki?

Wanda ya fi ci min rai shi ne na Thiaroye, kusa da Dakar. Sojojin Afirka da suka yi wa Faransa yaƙi, suka sha zaman fursuna a hannun Jamus, sun dawo suna neman haƙƙinsu na albashi. Ranar 1 ga Disamba 1944 sojojin Faransa suka buɗe musu wuta. Hukuma ta ce 35 ne suka mutu, masana tarihi da dama sun ce ɗaruruwa ne. Sai a 2024 Emmanuel Macron ya amince cewa kisan kiyashi ne. Shekara 80 ke nan!

An dai fara gyara. A Janairun 2025 an buɗe wurin tunawa a Cape Town mai ɗauke da sunayen ma'aikatan soja baƙar fata sama da 1,700 da aka yi watsi da su tun Yaƙi na Ɗaya. Fatana shi ne a kowace ranar tunawa a rage tsawon jawaban manya, a miƙa lasifika ga matan da aka bari da marayu, kowa ya kira sunan nasa da bakinsa, ko da za a kai la'asar ana kira.