Wai ni ma sanata ne

Talata da dare. Da ban shiga cikin gari ba yau da tuni na yi barci. Sha ɗaya ta gota, Maman Ummi har ta yi nisa, ni kuma ina zaune kan tabarma da waya a hannu saboda wata magana guda ɗaya da Kawu ya yaɓa mani da la'asar.

Safiyar ba wani abin kirki. Hazo, sanyi, mashin ya ƙi tashi sai da na tura shi har bakin titi. 'Yan ga-ruwa sun sake ƙara kuɗi. Aji uku na shiga, rabin yaran ba su yi aikin gida ba, ko faɗan ma ban iya yi ba.

Da aka tashi na bi ta Ƙofar Doka na kai ma Kawu maganin ƙafarsa. Yana zaure kamar kullum, rediyo a jikin kunne, Injiniya na gefe yana ɓarar gyaɗa. Ko gaisuwa ba mu gama ba ya ce wai na ji labarin sanatan nan? Ba sai na kama suna ba, kun ga fastocin na yawo a Facebook, wanda ya daɗe a majalisa har kujerar ta san shi, yanzu magoya baya sun taso wai sai ya fito takarar shugaban ƙasa. Kawu ya ce shi kam ya gamsu, tsohon hannu ne, ya san kowa kowa ya san shi, irinsu ƙasar ke buƙata ba masu zafin kai ba.

Ni kuma da bakina da ba ya shiru na ce Kawu ku yi haƙuri, sanata ba ya kai labari a ƙasar nan. Na fara jero masa. Ahmad Lawan tun 1999 yake majalisar tarayya, shekara takwas a ta wakilai, daga 2007 ya koma ta dattawa har ya shugabance ta a 2019. A fidda gwanin APC na 2022 har shugaban jam'iyya Abdullahi Adamu ya ce shi ne ɗan takarar maslaha, gwamnonin arewa suka ce ba da su ba, da aka ƙirga ƙuri'u 152 ya samu, Tinubu 1,271. David Mark shekara ashirin yana sanata, takwas a ciki yana shugaban majalisa, ya je fidda gwanin PDP a Fatakwal a 2018 ya dawo da ƙuri'a 35 ranar da Atiku ya kwashe 1,532. Daliget a aljihun gwamna suke, shi ke naɗa ciyamomi, shi ke riƙe da jam'iyya a jiha, sanata kuwa ko tikitin kujerarsa sai ya lallaɓa gwamna. Ina faɗa ina jin daɗin kaina wallahi, kamar ina gaban allo.

Kawu ya bari sai da na gama sannan ya rage muryar rediyo ya ce, kai yaro, ni ba tambayarka na yi ko zai ci ba, cewa na yi ya dace. Injiniya ya fashe da dariya har gyaɗa ta sarƙe shi.

Toh nan fa aka shiga ta gaske. Na ce ko dacewar ce ina da ja. Mutum ɗaya cikin sanatoci 109, da me za a auna shi? Yawancin abin da suke yankewa da murya ake yi, masu eh su ce eh, masu a'a su ce a'a, a buga guduma, gobe ka tambayi kowanne ya ce shi ai ya yi adawa a cikin kwamiti. Gwamna ba ya da wannan mafakar. Gadar Ƙofar Doka da na biyo yanzu kowa a Zariya ya san zamanin El-Rufa'i aka yi ta, kuma waɗanda rusau ya shafa su ma sun san sunan da suke ambata in sun tuna. Yabo da zagi duk kansa suke sauka. Sanata fa? Keken ɗinki, injin markaɗe, fitilar sola guda goma da hotonsa a jiki, rijiyar burtsatse da ke ƙafewa kafin bazara. Na ce ku duba tun 1999, 'Yar'aduwa gwamna ne, Jonathan gwamna ne, Tinubu ya ɗan taɓa sanata a 1992 amma shekara takwas ɗinsa na Legas ake tallarsa da su ba wancan ba.

Kawu ya ce to gwamnonin da kuka auna kuka ɗora, ina suka kai ku? Wannan kam ban amsa ba, na yi kamar ina gyara zama.

Ya ci gaba, kun san shi in ya hau ba ya sauka. Wai mu yaran yanzu gini kawai muke gani, ba mu ganin abin da aka hana ya faru. A 2006 da aka so a gyara tsarin mulki a ba Obasanjo wa'adi na uku, wa ya binne maganar? Majalisar dattawa, Ken Nnamani na kan kujera. A farkon 2010 da 'Yar'aduwa ke kwance a Saudiyya ƙasa ba mai riƙe da ita, kowa na raɗe-raɗin soja, wa ya nemo mafita aka ba Jonathan riƙon ƙwarya ba tare da an fasa ko kofi ba? Majalisar David Mark ɗin da nake ma dariyar ƙuri'a 35. Ya ce mulkin ƙasa irin tamu rabinsa lallashi ne, ka zaunar da Bayarabe da Inyamuri da Bahaushe da mutumin Filato kowa ya tashi yana ganin bai yi asara ba, kuma wannan karatun a majalisa ake yin sa, gwamna shi ya saba ya yi tari a ce masa yallaɓai umarni ne. Har ya kawo Shagari, dama ba a rabuwa da Shagari a zauren nan, ya ce shi kansa kujerar sanata ya so a 1979 aka matsa masa ya fito takarar shugaban ƙasa, kuma har soja suka sauke shi ba wanda ya ce ya wulaƙanta shi.

Injiniya ne ya jefo Biden. Shekara 36 yana sanata daga 1973, ya nemi takarar shugaban Amurka ta 1988 ya janye, ya sake nema a 2008 ba ta yi ba, sai 2020. Kuma da ya hau, sanin hanyoyin majalisar ya taimake shi ya fitar da babbar dokar gine-ginen nan ta 2021 har da ƙuri'un wasu 'yan adawa. Kawu ya ce ka ji ko. Na ce na ji, amma ku ƙarasa labarin, lokacin da layi ya zo kansa tsufa ya riga ya zo, a 2024 'yan jam'iyyarsa da kansu suka matsa har ya janye. Obama da bai cika shekara huɗu a majalisar ba shi ya yi wa'adi biyu. McCain da Kerry da suka daɗe ciki duk faɗuwa suka yi da suka tsaya takarar shugaban Amurka, don wanda ya daɗe yana kaɗa ƙuri'a abokin hamayya ba ya rasa wadda zai tono masa. Sannan lallashin da Kawu ke yabo yana da ɗan'uwa, sunansa amshin shata. Majalisar Lawan ta yi dokar man fetur ta 2021 da dokar zaɓe ta 2022, ban hana ta ba, amma ita ce dai a watan Mayun 2023 ta sa albarka kan bashin naira tiriliyan 22.7 da gwamnati ta riga ta ci daga babban banki. Na ce Kawu wanda ya shekara ashirin bai taɓa tsayawa shi kaɗai ya ce a'a ba, ranar da ya zama shi ne na ƙarshe, ba kwamiti ba guduma, takarda a gabansa biro a hannunsa, anya zai iya?

A nan ne ya kalle ni ta saman tabarau. Ya ce shekararka nawa a makarantar nan? Na ce sha bakwai. Ya ce kwamiti nawa kake ciki? Na yi dariya na ce ai ba su ƙirguwa, na jarabawa, na tarbiyya, na wasanni, na iyayen yara. Ya ce kuma uwarka ta ce mani ka karɓo fom ɗin neman mataimakin shugaban makaranta. To ai kai ma sanata ne, ɗan nan. Ya mayar da rediyonsa kunne.

Wasa ya yi, na sani. Na yi dariya, Injiniya ya yi, aka kira magariba muka tashi. Amma tun a kan mashin abin ya fara cina, har na wuce kwanar gida sai da na juyo daga wajen Agoro.

Don gaskiya ce. Zangon da ya wuce da aka zauna kan yaron nan da aka ce ya ɗauki wayar malami, ni na san ba a tabbatar ba, na san yaron tun yana aji ɗaya, na san uwarsa ƙosai take soyawa. Da aka zagayo kaina me na ce? Duk abinda aka yanke ina tare. Aka kore shi. Bayan nan duk wanda ya tambaye ni sai in ce ai kwamiti ne. Sak abinda na tsaya ina zagin mutane a kai yau a zauren Kawu da lambobi a bakina. Shekara sha bakwai ban taɓa ɓatawa da kowa ba a ɗakin malamai, ina ma alfahari da hakan, duk rigimar da ta tashi ni ake turawa sasanci, kuma da wannan nake shirin tallata kaina a intabiyu. Yanzu ban san ko abin yabo ba ne ko kuwa dai ban taɓa tsayawa kan komai ba ne shi ya sa ba wanda ya ga abin faɗa da ni.

Har yanzu ban sauya ra'ayi kan sanatan ba fa, kar Injiniya ya karanta ya je ya ce na sallama. In ya fito zan so in ji rana ɗaya tak da ya tsaya shi kaɗai kuma ya rasa wani abu saboda tsayuwar. In akwai, zan saurare shi. Sai dai tambayar ta yi mani nauyi a baki yanzu.

Tuwon dare miyar kuka, ban ci da yawa ba, Maman Ummi ta tambaya ko lafiya na ce sanyi ne. Ummi ta karya mani biro ja. An ɗauke wuta tun tara.

Fom ɗin na cikin jaka, Juma'a ake rufe karɓa. Akwai wani gurbi a shafi na biyu da aka ce a rubuta wani muhimmin hukunci da ka taɓa yankewa a bakin aiki, tun makon jiya na cike ko'ina na bar shi. Gobe in na samu sarari zan bi ta layin da matar nan ke suya in tambaya ko yaron ya samu wata makarantar.