Ashe inbata ce ke cinye min siginar DHO38

Jama'a yau dai Alhamdulillah, na kama tartsatsin rana (wato fashewar haske mai ƙarfi a jikin rana) na farko da eriyata ta naɗin wayar jan ƙarfe, kuma wallahi sai da na tashi tsaye a ɗaki ni kaɗai.

Aikin dai shi ne auna ƙarfin siginar rediyo mai zuwa daga nesa, don tartsatsin rana na sa ta canza farat ɗaya. Tashar Jamus nake sauraro, DHO38 a kan 23.4 kHz, don daga nan Kano kusan arewa sak take. Da dare sigina fes, asuba ta yi ka ga ta faɗi yadda ya kamata saboda sashen D, wani shimfiɗin iska a sama da ke shafar siginar rediyo, wanda ke tsakanin kilomita 60 zuwa 90, ya fara haɗuwa. To amma da hantsi ya yi sai giraf ɗin sigina ya cika da shara, wato hayaniyar lantarki, kuma ai tartsatsin da rana ake kama shi, to me aka yi kenan?

Na canza waya, na sake naɗin jan ƙarfen (kuɗinsa kam ya ci ni, har yanzu ina jin zafinsa), na sayi katin sauti mai 96 kHz don mai 48 iyakarsa 24 kHz ne, tashar tana can bakin gaɓa ana jinta da ƙyar. Duk a banza. Ashe inbata da na'urar cajin sola ne, rana na ƙara zafi suna ƙara ihu, shi ya sa dare ke lafiya lau. Kashe su kuwa ba zai yiwu ba, firij na kai, uwargida ta ce in ma daina wannan maganar.

Sai na kwashe eriyar zuwa bayan gida, gefenta na kallon arewa, fuskarta kuma ta saitu da ɗakin batir da ke gabas, don ta fuska irin wannan eriya kusan kurma ce. Laftof ma a kan batirinsa, ba caja. Shara ta ragu sosai.

Bayan azahar sigina ta yi tsalle farat ɗaya sannan ta riƙa sauka a hankali, na duba bayanan GOES, tauraron ɗan Adam mai sa ido kan rana, lokaci ya zo daidai da tartsatsi mai ajin M, wato mai matsakaicin ƙarfi.

Wanda ya ga DHO38 ta ɓace wajen 8 zuwa 9 na safe agogonmu kar ya kwance komai, yawanci masu tashar ne ke kashewa. Yanzu tashar NAA ta Amurka mai 24 kHz nake hari, sai dai tana arewa maso yamma, in na juya eriya inbata za ta dawo. Akwai mai dabara?