Talata: Takardar Gidan Baba

Yau tun da hantsi Goggo, matar Baba, ta kira ni, muryarta na rawa, wai in zo unguwar Herwagana a cikin garin Gombe maza. Na tarar da wani dillali a zaure tare da ɗan ƙanin Baba, sun shimfiɗa takarda a kan tabarma, ga ɗan kwalin tawada na dangwale a buɗe. Cewa suka yi Baba da bakinsa ya amince a yanke ɓangaren gidan da ke kallon titi a sayar. Baba kuwa yana zaune yana ta naɗe bakin rigarsa yana warwarewa. Na gaishe shi, ya kira ni da sunan ƙanwarsa da ta rasu tun ina goye, ya ce ko an ba dawaki ruwa. Mutumin da ake so ya dangwala hannu ke nan.

Ban ɗaga murya ba. Na rufe tawadar, na ce su jira yayana Hamma ya taso daga kasuwa. Ba su jira ba.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne kalmar da suke ta maimaitawa, wai ai gara a raba tun yanzu a huta. A raba me? Ba a cin gadon mai rai. Gidan nan na Baba ne har ranar da Allah zai karɓi abinsa, kuma a nan kaɗai yake gane hanyar banɗaki ba sai an riƙe shi ba. Ciwon mantuwa bai cire masa mallaka ba, ikon ciniki ya cire masa.

Bayan la'asar ni da Hamma muka je wurin limamin unguwa. Ya karanto mana aya ta 282 a Suratul Baƙara, inda aka ce idan mutum mai rauni ne ko ba ya iya shibta, waliyyinsa ya tsaya masa da adalci. Ya ce a mazhabar Malikiyya ciniki ko kyautar wanda hankalinsa ya gushe ba su tabbata, kuma ba ya iya naɗa wakili a wannan halin. Alƙali ne zai naɗa mai kula da dukiyarsa. Wasiyya ma ba ta wuce sulusi, kuma ba a yi wa magaji. Da na faɗa wa Goggo cewa sumuninsu, ɗaya bisa takwas, ita da Innata, babu mai taɓa shi, sai ta fashe da kuka. Ashe tsoron da ke cinta ke nan tun da ta ji ana maganar sayarwa, don ita ba ta haihu da Baba ba.

Hamma ya tuna mana cewa gidan yana da takardar shaidar mallaka, kuma bisa Dokar Amfani da Filaye ta 1978 ba a sauya sunan mai irin wannan takarda sai da amincewar gwamna. Hakan ya ɗan kwantar min da hankali, amma na san yadda rubutun dillali ɗaya ke jefa zuri'a cikin shari'ar shekara da shekaru.

Da daddare muka ciro takardun daga ƙasan akwatin ƙarfen Baba, a naɗe cikin tsohon rawani. Na ɗauki hotonsu da waya na tura wa duk 'yan'uwa, har da Adda da ke aure a Bauchi, don kada gobe wani ya ce an yi a ɓoye. Jibi za mu kai Baba Asibitin Koyarwa na Tarayya likita ya rubuta halin da yake ciki, daga nan sai kotun shari'a, sannan ofishin GOGIS, hukumar rajistar filaye ta Jihar Gombe, mu tabbatar sunansa ne har yanzu a rajista. Hamma ya ce shi zai faɗa wa mai unguwa da safe.