Jijiyar da ta yanke: yadda muke awo da lissafin lokaci a Yamai

A ɗakin motsa gaɓoɓi inda nake aiki a Yamai, raunin jijiyar ji da motsi ya fi zuwa mana ta hanya uku: faɗuwa daga kabu-kabu, yankan gilashi ko wuƙa a wuyan hannu, da allurar kinin da aka yi wa yaro a ɗuwawu ba a inda ya dace ba, ta taɓa jijiyar sayatik, babbar jijiyar da ke sauka ƙafa, ya koma jan ƙafa. Ko wanne ne ya zo, kafin komai mitar tela nake ɗaukowa.

In jijiya ta yanke, ɓangaren da ke ƙasa da raunin yakan ruɓe cikin ƴan kwanaki, abin da likitan Ingila Augustus Waller ya bayyana tun 1850. Sai sabon zare ya tsiro daga sama, yana tafiyar kusan milimita 1 a rana. Ita kuwa tsoka haƙurinta da iyaka: in ta yi wata 12 zuwa 18 saƙo bai iso mata ba, ko jijiyar ta iso daga baya da wuya ta motsa. Don haka nake auna tazara daga raunin zuwa tsoka ta farko da ya kamata ta farfaɗo. Santimita 12 wata 4 ke nan, a ƙara wata guda na jinkirin farko. Nakan rubuta ranar da nake sa ran tsokar za ta motsa a takardar majinyaci. In ta wuce shiru, a koma wurin likitan tiyata.

Kowane wata ina ƙwanƙwasa hanyar jijiyar da yatsa, daga ƙasa zuwa sama. Inda mutum ya ce ya ji kamar lantarki ya ja shi, nan zaren ya kai. Wannan ce alamar Tinel. Sai in sa ɗigon biro, in auna. In ɗigon yana gangarowa wata bayan wata, madalla. In ya tsaya cak wuri ɗaya, galibi ƙulli ne ya taso a bakin jijiyar, tausa ba za ta warware shi ba.

Yanka mai tsabta, irin na gilashi, a ɗinke shi cikin kwana 3, da siririn zaren nailan mai lamba 8-0 ko 9-0, a ƙarƙashin madubin ƙara girma. Abin da ya fi ɓata mana aiki shi ne a ɗinke fata kawai a ƙaramin asibiti ba tare da an gwada ko yatsu suna ji ba, mutum ya iso bayan wata 6 bakunan jijiyar sun ja da baya. A nan ba a jawo su da ƙarfi a haɗa, domin ɗinkin da aka ɗaure tamau yana hana jini zuwa, ya bar tabo. Sai a ciro jijiyar sural daga bayan ƙwauri, wadda ake iya samun santimita 30 daga gare ta, a cike giɓin. Abin da mutum zai rasa shi ne ji a gefen ƙafa. Bututun roba ko na kolajin (wani furotin na jiki) da ake haɗa bakunan jijiya da shi yana aiki ne a giɓin da bai kai santimita 3 ba.

Masu faɗuwar moto da jijiyoyin kafaɗa suka tsinke, lissafinsu ba ya fita in an jira tsiro daga wuya. Dabarar da likitan tiyata na Faransa Christophe Oberlin ya wallafa a 1994 ta rage tafiyar: a ɗebi ɗan reshe daga jijiyar ulna mai lafiya, wadda ke zuwa ƙaramin yatsa, a haɗa da reshen da ke shiga tsokar damtse, gwiwar hannu ta dawo lanƙwasawa cikin ƴan watanni. Ana so a yi kafin wata 6.

Amma ba kowa ake yi wa tiyata ba. Wanda ƙashin damtsensa ya karye ba tare da buɗaɗɗen rauni ba, wuyan hannu ya langaɓe, yawanci jijiyar radiyal, mai ɗaga wuyan hannu, tana dawowa da kanta. Ana ba ta wata 3 zuwa 4. Gwajin lantarki na tsoka ba ya nuna gaskiya sai bayan mako 3, kada a ɓata kuɗi kafin nan.

Cikin wannan jira namu aikin yake. Wuyan hannu a tallafe shi da filasta, a ɗage kamar digiri 30. Ƙafar da ke ja a riƙe ta a digiri 90, musamman da dare. Kowace gaɓa a lanƙwasa ta a miƙe ta har iyakarta, sau da yawa a yini, don jijiya na iya isowa ta tarar da yatsu sun sandare. Iyaye mata nake koya wa wannan, su suka fi dagewa. Masu ɗori kuma ina roƙonsu su sassauta ɗauri, don matsin karare kaɗai yana kashe jijiya.

Kusan kowa yana tambayata bitamin B. In babu ƙarancinsa a jiki ba ya ƙara wa tsiro gudu, B6 ma in ya yi yawa shi kansa yana lalata jijiya. Barin taba da daidaita sukarin jini sun fi shi amfani. Hannun da ba ya ji kuwa a raba shi da butar shayi da murhun gawayi, a duba fatarsa kowane dare. Yaro mai raunin sayatik kada ya taka yashin rana ba takalmi.