Na raka Mma awon jini, ni aka kama

Abun dariya abun haushi wallahi. Ni dai na fito ne in raka Mma, mahaifiyata, wurin awon jini da wasu nas suka zo yi kyauta a filin wata makaranta nan Aboabo a Kumasi, ba don kaina ba, ita muka sani da hawan jini shekara 6 kenan. Muna zaune a benci sai nas ɗin ta ce min ɗan uwa kai ma miƙo hannu mana tunda ka zo, na ce a'a ni garau nake, jiya ma da ƙafa na tako daga kasuwar Kejetia har gida. Mma ta ce kai dan Allah miƙa mata, kuɗi za a karɓa? Na miƙa. 164 bisa 102. Ta ce in zauna minti 5 kar in yi magana, ta sake a ɗayan hannun, 160 bisa 100. Na tsohuwa kuwa 132 bisa 84, har gida tana min tsiya wai wanda ya rako mara lafiya shi ne mara lafiyan.

Abun da ya fi ɗaure min kai ko ciwon kai ba na yi. Mu nan zango mun ɗauka bipi, wato hawan jini, ciwon masu ƙiba ne da alhazai masu tunanin kuɗi, ko matar da aka yi wa kishiya, ni kuma shekarata 43 kuma ba ni da tumbi. Nas ta min bayani a tsaye: lambar sama ita ce ƙarfin da jini ke buga jijiya lokacin da zuciya ta matse, ta ƙasa kuma lokacin da ta saki, in ya kai 140 bisa 90 ko ya wuce, kuma aka sake aunawa wata rana daban aka same shi haka, toh hawan jini ne ko kana jin wani abu ko ba ka ji. Na koma asibiti bayan sati, bai sauka ba, dokta ya ɗora ni kan amlodipine ƙwaya ɗaya kullum.

Daga nan na fara bin zancen. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da rahoto a 2023 cewa masu hawan jini a duniya sun ninka daga miliyan 650 a 1990 zuwa biliyan 1.3 a 2019, kusan rabinsu ba su ma san suna da shi ba, kuma 4 cikin 5 ba sa samun maganin da ya kamata. Ashe ina cikin wancan rabin ina ta yawona a gari.

In za a faɗi gaskiya a faɗa, Gana ba ta zauna haka kawai ba. Inshorar lafiya ta ƙasa, NHIS, tun 2003 zamanin Kufuor aka kafa ta, kuma ganin likita kan hawan jini da magungunansa na yau da kullum suna ciki, yanzu ma in katinka ya mutu ba sai ka je ka kwana a layi ba, ka danna *929# a waya ka biya da momo, wato kuɗin waya, shikenan. Akwai ƙananan ɗakunan shan magani na CHPS da aka fara gwadawa can Navrongo kafin a baza su ƙasa baki ɗaya, nas na zaune cikin jama'a. Duk 17 ga Mayu ana ranar hawan jini ta duniya, za ka ga an kafa rumfa a kasuwa ko tasha ana awo kyauta. Ƙarshen 2024 aka sa wankin ƙoda cikin inshora a wasu asibitoci, sannan a 2025 gwamnatin Mahama ta kawo asusun da ake kira MahamaCares don manyan cututtuka irin su ƙoda da zuciya da kansa. Duk na yaba. Amma ni a ganina waɗannan na ƙarshen aikin bayan gini ya rushe ne, wanda ya kai ga injin wankin ƙoda a asibitin Komfo Anokye ko na Korle Bu sau da yawa shekara da shekaru jinin na cin ƙodar ba wanda ya auna shi, ko an auna ya sha magani wata biyu ya ajiye.

Nan fa matsalar take, ajiye magani. Kawuna, ƙanin Mma, direba ne, an ba shi magani ya sha ya ji daidai sai ya ce ai ya warke, ya koma kan wani ruwan sassaƙe da ya saya cikin motar haya trotro wurin masu wa'azin maganin nan da ke cewa kwalba uku ta tumɓuke bipi har saiwa. Wata safiya ya tashi alwala buta ta faɗi daga hannunsa, baki ya karkace. Yau shekara 4 ɓarin dama ba ya aiki sosai. Tun ranar Mma ba ta sake tsallake ƙwaya ko ɗaya ba, ko biki za ta je Tamale maganin na cikin ƙullin zaninta. Hawan jini ba zazzaɓi ba ne da za ka sha na kwana 3 ka manta, danne shi ake yi, ka saki ya taso.

Kuma ban ga laifin mutane duka ba. Ni kaina wata na biyu na je wani asibiti, ba zan faɗi suna ba, tun bayan asuba nake layi sai wajen azahar na ga dokta, na je tagar magani aka ce wannan babu, je ka saya a waje. Ni ina da halin saye. Amma mai sayar da koko da ƙosai wadda safiya ce duk kasuwarta, ka ce ta bar tukunya ta yini a benci sannan a ce babu, wata mai zuwa kana ganin za ta dawo? In da za a ji tawa, wanda jininsa ya daidaita a ba shi na wata 3 lokaci ɗaya, kuma a kawo awon inda muke taruwa, ƙofar masallaci bayan Juma'a, fadar sarkin zango, wurin suna da biki. Limami ɗaya ya faɗa a huɗuba ya fi fosta ɗari.

Sai zancen gishiri, wanda ya kusa haɗa ni faɗa da uwargida. Abun da aka ce kar babba ya wuce a yini bai kai giram 5 ba, wato ƙasa da ƙaramin cokalin shayi ɗaya, kuma har da wanda ke ɓoye cikin magi da kifin gishiri irin koobi da momoni da yajin shito da sinadarin indomi. Ka lissafa waakye ɗin safe kaɗai, wato wake da shinkafa, da shito da wele, wato ganda, da miya. Na ce mata a rage magi daga 4 zuwa 1, ta kalle ni ta ce Malam in miya ta yi lami kar in ji ƙorafi. Sati biyu na farko na sha wuya, yanzu ta ƙara daddawa da citta da tafarnuwa harshe ya saba. Masu cewa sobolo, wato zoɓo, na saukar da jini kuma, ku duba sikarin da ake zuba masa tukuna, kuma ba ya maye gurbin ƙwaya. Azumi ma na tambayi dokta tun yanzu, ya ce ba a dainawa, lokacin sha kawai za mu gyara.

Na sayi na'urar awo ta hannu na ajiye a zaure, da ɗan littafi ina rubutawa, jiya 134 bisa 86. Labari ya bazu, yanzu bayan sallar asuba dattawan layinmu sai su biyo ɗaya bayan ɗaya, mutum 9 na auna zuwa yau, 4 na ce su je asibiti, 2 sun je. Ɗaya ya ce na'urata ce ke da hawan jini ba shi ba. Kawu kuwa kullum yana zaune bakin ƙofa da sandarsa, duk wanda ya fara gardama sai ya ɗaga masa hannun daman nan da na hagu ya ajiye a cinya, ba ya cewa komai.