Tsare tsohuwar Peugeot 504 daga ɓarayi: abubuwan da na saka mata

Motar da nake magana a kai Peugeot 504 ce mai injin fetur lita biyu da kafireta, irin waɗanda kamfanin Peugeot na Najeriya, wato PAN, ya riƙa haɗawa a Kaduna bayan ya fara aiki a 1975. An fara ƙera 504 a Faransa a 1968, kuma tsaron da ke jikinta na wancan zamanin ne: makullin ƙofa da makullin sitiyari, shi ke nan. Babu kwamfuta, babu ɗan guntun nan na cikin makulli da motocin yanzu ke tantancewa kafin inji ya tashi. Duk yaron da ya ɗan jima a garejin makanikai ya san yadda ake tashinta ba makulli. Ga shi makullan ƙofa sun sha shekaru sun cinye, har makullin wata 504 ɗin yakan buɗe taka in an ɗan jijjiga shi.

Saboda haka abin da na sa a gaba shi ne ɓata wa ɓarawo lokaci. Ya zo da lissafin minti biyu, ya tarar da aikin minti ashirin, kuma ya kasa gane abin da ya hana ta tashi. Ɓarawo ba ya son daɗewa a wuri ɗaya, ba ya son ƙara. Duk abin da na saka, a kan wannan ma'aunin na gwada shi.

Na fara da wuta, domin nan ne masu wayarin suka fi yin aikin banza. Abin da aka saba shi ne a yanke wayar da ke kai wuta daga makulli zuwa koyil, wato na'urar da ke ƙara ƙarfin wuta don filogi ya yi tartsatsi, a sa ɓoyayyen makunni a tsakani. Wannan ba ya tsare komai a irin wannan mota, don wanda ya buɗe bonet zai ba koyil wuta kai tsaye daga batir, ya tsallake makullinka da makunninka gaba ɗaya. Yanke wayar sitata ma haka: mota ce mai giyar hannu, mutum biyu za su tura ta ta tashi.

Hanyar da ta fi ita ce ta ɗaya ɓangaren koyil, wanda ke tafiya zuwa kwantak, ɗan makunnin da ke buɗewa da rufewa a cikin distirbuta mai rarraba wuta ga filogi. A koyil ɗin Faransa za ka ga an rubuta BAT a gefe ɗaya, RUP a ɗaya gefen. A na Bosch kuma 15 da 1. Daga RUP, ko lamba 1, na ja waya mai kaurin milimita 1.5 zuwa makunni mai ɗaukar amfiya 10, ɗaya ƙafar makunnin kuma na ɗaure ta a jikin mota. In makunnin yana rufe, wutar koyil tana zurarewa jikin mota, buɗewa da rufewar kwantak ba sa haifar da tartsatsi a filogi. Inji zai yi ta juyawa lafiya lau amma ba zai kama ba, ko da an ba koyil wuta daga batir. Mai sata zai zaci tsohuwar mota ce ke gardama.

Wannan wayar tana da sharuɗɗa. Duk lokacin da kwantak ya buɗe, wutar da ke bin ta tana tsalle zuwa bolt ɗari biyu ko fiye, don haka sai mai roba mai kyau. Inda za ta ratsa ƙarfe ta shiga cikin mota dole a sa mata zoben roba, domin ranar da ta goge ta taɓa ƙarfe, motar za ta mutu maka a tsakiyar titi kamar kai ka rufe makunnin. Sannan kada a gan ta a matsayin sabuwa. Na cusa ta cikin tsohon damin wayoyi, na naɗe da baƙin tef irin na yadi, na bari ƙura ta hau. Jar waya sabuwa fil a kan koyil, ai ka nuna wa ɓarawo abin da zai tsinke ne. Kuma kada a bar makulli a kunne alhali makunnin yana rufe: koyil mai om 3 yana jan kusan amfiya 4 babu hutu, ya yi zafi ya ƙone. In kuwa an riga an cire kwantak an sa na lantarki a distirbuta, kada a yi wannan haɗin sam, yana iya kashe na'urar. A nan sai dai a yanke wayar da ke ba na'urar wuta.

Wurin ɓoye makunni: ba ƙarƙashin sitiyari ba, ba cikin akwatin gaban fasinja ba, ba gefen kujerar direba ba. Nan hannu ke fara lalube. Ya zama wurin da za ka taɓa kana zaune, ba tare da ka sunkuya ba, don mai kallonka daga nesa kada ya gane. Wasu suna amfani da wani tsohon maɓallin dashbod da ya daina aiki, kuma dabara ce mai kyau. Ni da kaina na yi haɗin ƙarshe, bayan mai wayarin ya ja wayar zuwa cikin mota. Ba zargi ba ne. Sirrin da mutum uku suka sani ya tashi daga sirri.

Na biyu shi ne man fetur, kuma shi na fi yarda da shi. Famfon man 504 inji ne ke juya shi, ba lantarki ba, saboda haka babu wayar da za a yanke. Sai na sa bawul mai aiki da bolt 12, wanda yake rufe sai an ba shi wuta ya buɗe. Irinsa ne masu juya mota zuwa gas suke sa wa layin fetur na motoci masu kafireta, kuma akasari yana da ɗan hannu na buɗewa in wutar ta samu matsala. A tabbata an sayi mai wannan hannun. Su suna ɗaura shi cikin bonet, ni kuwa na kai shi ƙarƙashin mota kusa da tanki, nesa da salansa, inda ba a gani sai an shiga rami. A gabansa na sa ƙaramar matatar mai, domin tsohon tanki ba ya rasa tsatsa, kuma ƙwayar tsatsa ɗaya ta isa ta hana bawul rufewa ko ta toshe shi. Tiyon ya zama na fetur na ainihi, a auna bakin bututun kafin a saya, milimita 6 ne ko 8, a ɗaure kowane baki da kilif mai noti. Tiyon ruwa yana kumbura ya tsage cikin fetur, kuma ɗigon fetur kusa da salansa gobara ce. Wutar bawul ɗin na ɗauke ta daga layin da ke mutuwa in an kashe makulli, ta bi ta fiyus mai amfiya 5 da makunni na biyu a wani wurin daban.

Amfaninsa shi ne motar tana tashi. Ɗan man da ya rage a kafireta da bututu zai kai ta 'yan ɗaruruwan mita, sai ta fara shaƙewa ta mutu a bainar jama'a, inda ba wanda zai tsaya bincike. Bayan haka ko kai ne ka buɗe bawul, sai ka ɗan juya inji na wasu daƙiƙu kafin kafireta ta sake cika. Amma akwai abin lura. Wannan tsari na motar da aka ajiye ne. In 'yan fashi ne suka tare ka da makami, ka ba su mota, in kuma sun tafi da kai a ciki, kada ka taɓa kowane makunni. Motar da ta mutu kana hannunsu, kai za ta jefa a haɗari.

Batir na sa masa makatsi, wato makunnin yanke wuta, a ƙafar da ke zuwa jikin mota, mai makullin roba ja da ake zarewa. Na tsallake makatsin da siririyar waya mai fiyus na amfiya 5. Da wannan agogo da na'urar bin sawu suna samun wuta, amma da zarar an murɗa sitata, wadda ke jan sama da amfiya 100, fiyus ɗin ya ƙone, komai ya ɗauke. A ajiye fiyus na canji, don mai motar ma yakan manta. Kada kuma a zare makatsin inji yana aiki, altaneta ke lalacewa.

Duk waɗannan suna tsayawa ne a kan bonet ya kasance a kulle. Wayar buɗe bonet ana iya kamo ta daga waje, don haka na sa mai walda ya yi mini kunne biyu na ƙarfe, da guntuwar sarƙa da kwaɗo a bayan ragar gaba. Bonet yana ɗagawa kamar faɗin tafin hannu, iya yadda zan sa hannu in buɗe kwaɗon. Wannan ne kuma ya tsare batir da kafireta da distirbuta, waɗanda a ganina sun fi motar kanta shiga haɗari, don ana kwance su cikin mintuna kuma ba a rasa mai saye. Cire rota, abin da ke juyawa a ƙarƙashin murfin distirbuta, a sa a aljihu tsohuwar dabara ce, ina yi in zan yi doguwar tafiya in bar motar, sai dai rotar 504 ba wuyar samu take ba, kuma yawan ɓalle murfin distirbuta yana sassauta maƙallansa.

Sandar kulle sitiyari ina sa ta ne don ido kawai. Sitiyarin 504 siriri ne, zarton ƙarfe yana yanke shi nan da nan a zare sandar. Abin da ya fi ƙarfi shi ne akwatin ƙarfe mai kaurin milimita 5 da aka yi wa feda, ya rufe kuloci da birki tare, da kwaɗo mai ɓoyayyen wuya wanda almakashin ƙarfe ba ya samun wurin kamawa. Wurin matsattse ne, duhu ne, mai yanka sai ya kwanta.

Ajiya ma tana da nata ilimi. Tayoyin baya ne ke tura 504, saboda haka da baya nake shiga, in manna ta da bango, in bar ta a giya, in karya sitiyari har ƙarshe. Mai janwe ba shi da hanyar ɗaga baya. In ya ɗaga gaba, tayoyin baya suna riƙe. In za ta yi makonni a ajiye ba na jan birkin hannu, don yana kamewa, musamman da damina. Giya da weji sun isa. A gida na haƙa rami mai zurfin kamar rabin mita, na zuba kankare da zoben rodi mai kauri, na ratsa sarƙa mai kaurin milimita 13 ta ƙarfen ƙasan mota. A ɗaure ta a ɗame, kada ta kwanta a ƙasa, domin sarƙar da ke ƙasa ana samun wurin dannawa da almakashi ko dukanta da guduma. Ranar farko ka rataya wani abu a sitiyari da zai tuna maka da ita.

Na'urar bin sawu tana da amfani, amma a tsohuwar mota tana zuwa da matsala biyu. Ta farko cin batir. Wadda ke jan miliamfiya 40 tana cin kusan amfiya-awa ɗaya a kowace rana, wato a wata guda ta shanye rabin batir mai amfiya-awa 60. Motar da ba a hawa kullum sai an haɗa mata ƙaramar caja, ko farantin sola mai wat 10 da na'urar daidaita caji. Ta biyu layin waya. Sai an haɗa shi da lambar NIN, kuma layin da ya yi wata shida ba a yi amfani da shi ba ana iya rufe shi. Mutane da yawa sai ranar da aka sace motar suke gane na'urarsu ta daɗe da yin shiru. Ni duk farkon wata nake kiranta in ga ta amsa. A ɓoye ta ƙarƙashin roba ko katako, kamar cikin dashbod ko allon bayan kujera, don ƙarfe yana tare sigina. In tana da wayar kashe inji daga nesa, bawul ɗin mai za a haɗa wa. In an sace motar, a kai wa 'yan sanda inda na'urar ta nuna, kada mutum ya bi sawu shi kaɗai.

Takardu kuwa ba na barin na ainihi a mota. Na ɗauki hoton farantin lambar shasi da lambar inji, da kowane lungu na motar har da tabo da walda, na adana a waya da kuma imel. Na buga wasu haruffa da ni kaɗai na sani a jikin giyabos da kafireta da ƙasan kujeru, na sa an zana lambar motar a kusurwar kowane gilashi. Wanda zai sauya mata kama sai ya sauya gilasan duka. Inshorar naira 15,000 da aka koma biya tun Janairun 2023 ɓarnar da ka yi wa wani take biya, ba ruwanta da sata. Cikakkiyar inshora tana farawa daga kashi 5 cikin ɗari na darajar mota, kuma ga tsohuwar mota sai an rubuta darajar da aka amince da ita a takarda tun farko, tare da hotuna da rasitan gyara. In ba haka ba, kuɗin tsohon ƙarfe za a lissafa maka.

Sauran aikin na mutane ne. Makullin 504 ƙarfe ne zalla, ana kwafarsa cikin mintuna, don haka ba na barinsa a wurin wankin mota, a gareji kuma ina tsayawa ko in ba wanda na daɗe da sani. Masu neman aronta don ɗaukar amarya, ni nake tuƙa musu. Hotonta a Facebook ba ya fita da lamba ko da ƙofar gida. Wanda ya tare ni yana cewa "Alhaji, ta sayarwa ce?" ina amsa masa da fara'a a inda muka haɗu, amma ba na kwatanta masa gida, kuma ba na buɗe masa bonet. Mai gadi ya san ba wanda aka aiko ya ɗauki motar, ko da ya zo da makulli a hannu, sai ya ji muryata a waya.